Karen da aka kashe a katun, da hayaniyar da ta biyo baya

Ranar 24 ga Nuwamba, 2013, tashar Fox ta Amurka ta nuna wani kashi na shirin katun mai suna Family Guy inda mota ta take wani farin kare mai suna Brian a titin ƙofar gidansu. Aka garzaya da shi wajen likitan dabbobi, ya buɗe ido da ƙyar ya yi wa mutanen gidan godiya da bankwana, ya cika. Kafin gari ya waye intanet ta ɗau zafi. Masu zagi na yi, masu rantsuwar sun bar kallon shirin har abada na yi, wani kuma ya buɗe takardar koke a shafin Change.org yana neman a dawo da karen, cikin 'yan kwanaki mutum sama da 100,000 suka sa hannu. Bayan mako uku, ranar 15 ga Disamba, sai ga Brian ya dawo da ransa. Masu koke suka yi ta murna, a ganinsu sun tanƙwara kamfani.

In ka kawo wannan labari a wata majalisa a Fagge ko Gwammaja, ba za a bari ka kai ƙarshe ba za a fashe da dariya. Kare dai? Kuma na zane? A wurinmu aikin kare gadi ne da farauta, ba zama a falo yana shan giya yana rubuta littafi ba. Wani zai ce ai ƙoshi ne ke damun Turawa. Amma mai wannan maganar shi ne dai ya raba dare yana musu a Facebook ranar da aka sauya fuskar jarumar wani shiri mai dogon zango na Kannywood, yana cewa an ci amanar masu kallo, wai shi daga yau ya daina. Mako na zagayowa kuma shi ne farkon wanda ya sayi data ya sauke sabon kashi. Ciwon ɗaya ne, don haka bai kamata mu yi saurin yi musu dariya ba.

Da farko sai an kawar da wata fahimta da ta zauna mana a kai, cewa katun kayan yara ne. Mu da muka tashi da kallon kyanwa na bin ɓera a talabijin, da zarar mun ga zane mai motsi sai mu miƙa wa yaro waya mu ce je ka kalla. Waɗannan shirye-shirye ba na yara ba ne, ba a kuma taɓa yin su don yara ba. The Simpsons, wanda Matt Groening ya ƙirƙira, ya fara a 1989. South Park na Trey Parker da Matt Stone ya fito a 1997, Family Guy na Seth MacFarlane a 1999, sai Rick and Morty a 2013. Da daddare ake nuna su, kuma abin da ke cikinsu siyasa ce, da addini, da zaman aure, da shaye-shaye, da batsa, da zambo ga duk wanda ya yi suna. South Park ma alamar manya zalla ake liƙa masa a tsarin tantance shirye-shirye na Amurka. Abin da ya sa aka zaɓi zane shi ne yana ba marubuci damar da ɗan wasa mai jini da tsoka ba zai ba shi ba: jariri ya yi magana kamar wani tsohon basarake, kare ya tuka mota, a tarwatsa gari yau gobe a same shi a tsaye.

Wannan dama ta ƙarshe ita ce ta haifar da wata yarjejeniya tsakanin masu shirin da masu kallo, wadda ba a rubuta ba amma kowa ya san da ita. Duk abin da zai faru cikin minti ashirin da 'yan kai, to mako mai zuwa komai zai koma inda yake. Bart Simpson shekararsa 10 tun 1989, har yau bai ƙara ba. Ƙanwarsa Maggie ta fi shekara 30 da tsotson roba a baki. A South Park akwai wani yaro Kenny da aka yi ta kashewa kusan kowane kashi a zangunan farko, ta hanyoyi marasa daɗin gani, mako na gaba ya fito abinsa ba tare da an yi wa kowa bayani ba. Babu wanda ya rubuta koke a kan haka, domin mutuwar tasa ita ce abin dariyar.

Ta Brian ba haka aka yi ta ba, kuma da gangan ne. A farkon kashin aka sa Stewie, jaririn gidan mai ƙere-ƙere, ya lalata na'urarsa ta komawa baya cikin lokaci, wato an rufe ƙofar da kowa ya san ta nan za a gyara ɓarna. Aka nuna raunukan karen filla-filla. Aka sa kiɗa mai sanyaya jiki, aka yi jana'iza, aka bar mutanen gidan suna kuka ba tare da an sako wata barkwanci da za ta wanke wurin ba. Sannan aka kawo sabon kare mai suna Vinny, da muryar fitaccen ɗan wasa Tony Sirico, har aka saka shi a hotunan buɗe shirin inda Brian yake tsayawa. Mai kallon da ya zauna don ya yi dariya ya huce gajiya sai ya tsinci kansa a gidan makoki. Ga shi kuma Brian ba ɗan rakiya ba ne a shirin. Shi ne mai ɗan hankali a gidan da kowa ke da taɓi, shi ne abokin Stewie, kuma MacFarlane da muryarsa ta ainihi yake yi masa magana. Wanda ya shekara 14 yana jin wannan murya a ɗakinsa ba zane ya rasa ba, sabo ya rasa, sabo kuwa Bahaushe ya ce turken wawa ne.

Irin wannan fushi ya taɓa faruwa kafin zuwan Facebook da Twitter. A 1997 The Simpsons ya yi wani kashi da aka ce shugaban makarantar garin, Skinner, wanda aka sani tun farkon shirin, ashe ba shi ba ne, sojan gona ne da ya ɗauki sunan wani. Masu kallo suka ƙi abin ƙwarai, mai ɗora masa murya Harry Shearer ya ce bai ji daɗinsa ba, daga baya Groening da kansa ya kira shi kuskure. A 1998 kuma South Park ya rufe zangonsa na farko da alƙawarin bayyana uban wani yaro Cartman, mutane suka jira makonni, ranar 1 ga Afrilu aka nuna musu wani abu dabam da ba shi da alaƙa da zancen, wai wasan ranar wawaye. Ƙorafi ya yi yawa har tashar Comedy Central ta matso da ranar nuna amsar. Mutanen da suka sha dariya lokacin da ake yi wa shugabanni da mawaƙa tsiya, su ne suka fusata ranar da aka juyo da wasan kansu.

To koken ne ya dawo da Brian? A'a, kuma lissafin ba shi da wuya. Kashi ɗaya na Family Guy ko The Simpsons yana cin watanni masu yawa, wani lokaci ya doshi shekara. A rubuta, a sake rubutawa, a ɗauki muryoyi, a zana jadawalin hotuna, a aika ɗakunan zane a Koriya ta Kudu su kammala motsin, a dawo da shi a gyara. Kashin da Stewie ya gamu da kansa na baya a wani kantin kayan wasa, ya sace masa na'urar ya koma ya ture Brian daga gaban motar, an riga an rubuta shi an zana tun kafin kowa ya ga mutuwar. Kashi ɗaya tak aka yi babu Brian a tsakani. MacFarlane ma ya fito a Twitter yana tambayar mutane cikin zolaya ko da gaske sun ɗauka za a kashe shi. Wato waɗanda suka sa hannu ba su sauya komai ba, sai ma tallar kyauta da suka yi wa shirin da ya shiga zango na 12, lokacin da an fara cewa ya tsufa. Ni a ganina dabara ce ta 'yan kasuwa, mai arha kuma, amma ta yi aiki.

South Park ne kaɗai cikin manyan da ke iya mayar da martani da zafi-zafi, saboda su cikin kwana shida suke haɗa kashi a kwamfuta, a ofishinsu, wani lokaci su miƙa shi ana saura sa'o'i a nuna. Shi ya sa abin da ya faru a wannan mako kan iya fitowa a shirin mako mai zuwa. Sauran kuwa, duk ihun da za ka yi yau, sai baɗi za ka ga ko an ji ka.

Abin da ya fi ruɗar da mutane shi ne ɗaukar masu surutu a matsayin masu kallo. Miliyoyi ne ke kallon kashi, su yi dariya ko su yi tsaki, su kashe talabijin su kwanta. Wanda zai tashi ya je IMDb, shafin da masu kallo ke ba finafinai maki, ya ba da tauraro ɗaya cikin goma, ko ya rubuta dogon sharhi, to ko dai masoyi ne na ƙin ƙarawa ko kuma ransa ne ya ɓaci sosai. Na tsakiya ba su magana. Sannan manhajojin sada zumunta an gina su ne su tura maka abin da ya fi jawo cece-kuce, don haka sharhin da ya fi zafi shi ne zai fi yawo. Daga nan jaridu su ɗauko guda biyar su ce masu kallo sun fusata.

Akwai kuma rukuni na uku, wanda yanzu ya fi kowa yawa: waɗanda ba su kalli kashin ba sam. A watan Mayun 2025 The Simpsons ya rufe zango na 36 da wani kashi da ya leƙa shekaru masu zuwa, inda aka nuna uwar gidan, Marge, ta rasu yara sun girma. Waɗanda suka kalla ba su ɗaga murya ba, don sun san shirin ya sha yin irin wannan leƙe kuma ba ya ɗorewa. Sai bayan makonni, a watan Yuni, labarin ya fashe a intanet cewa an kashe Marge. Mutanen da rabonsu da shirin ya fi shekara goma suka fito suna jimami da faɗa, har sai da mai kula da shirin, Matt Selman, ya fito ya ce Marge na nan daram. Kanun labari suka gani, ba kashi ba.

Mu a Kano galibinmu a wannan rukuni muke, gara mu faɗa wa kanmu gaskiya. Akwai ɗalibai a Jami'ar Bayero da matasa masu jin Turanci da suke bin zango-zango, su sauke da daddare lokacin da data ke araha ko su karɓa wajen 'yan dawunlodin. Amma mafi yawan mutane guntun bidiyo ne na daƙiƙa arba'in ke faɗo musu a TikTok ko a sitatus ɗin WhatsApp, an yanke kai an yanke gindi, wani lokaci an ɗora masa murya da Hausa tana bayanin abin da ba shi ne ke faruwa ba. Barkwancin waɗannan shirye-shirye kuwa rabinsa habaici ne. Sau da yawa ana sa wawan shirin ya faɗi mummunar magana ne don a nuna wautar masu irin wannan ra'ayi. In ka cire abin da ya gabata da abin da ya biyo, sai maganar ta tsaya ita kaɗai kamar ita ce saƙon.

A nan ne maganar duba ta shigo, wadda ita ce hanyar da The Simpsons ya fi shiga gidajen Kano. Wa bai taɓa samun saƙon nan ba a guruf ɗin dangi, wai katun ɗin nan ya faɗi abin da zai faru tun shekaru da suka wuce, don haka masu yin sa 'yan wata ƙungiyar asiri ne da ke juya duniya? Akwai na gaske a ciki. A shekarar 2000 an yi kashi da Lisa, ƙanwar Bart, ta zama shugabar ƙasa, ta ce ta gaji baitulmali a wawashe daga Shugaba Trump. A 1998 an nuna wani allo da ke cewa kamfanin finafinai na 20th Century Fox mallakar Disney ne, cinikin kuma ya tabbata a 2019. Sai dai a duba yadda abin yake. A ƙarshen 1999 zuwa farkon 2000 Donald Trump yana ta zawarcin takarar shugaban ƙasa a wata ƙaramar jam'iyya, jaridu na ta bugawa, marubutan suka ɗauki sunan a matsayin abin da ya fi kowane zama abin dariya. Disney kuma tun lokacin an san shi da haɗiye kamfanoni. Shirin da ya yi kashi sama da 750, kowanne cike da zolaya a kan siyasa da kimiyya da kasuwanci, wanda marubuta masu bin labarai ke rubutawa, dole wasu su faɗa daidai. Dubban da ba su faru ba, babu mai tura su a guruf.

Sauran kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Hoton nan da ake yaɗawa na Trump yana saukowa a matakala mai tafiya da kanta, ana cewa an zana shi tun 2000, a 2015 aka yi shi, bayan mutumin ya riga ya sauko a gaban kyamarori ya ayyana takara. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta zo, kowane yaro mai waya zai iya haɗa hoton mutane masu launin rawaya a kan kowane bala'i, ya rubuta tsohuwar shekara a ƙasa. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mu da muke karantawa tun muna makarantar allo cewa gaibu sai Allah, mu ne kan gaba wajen ba marubutan barkwanci na Los Angeles matsayin da ko su ba su yi da'awarsa ba.

Yarjejeniya ta biyu ta fi ta farko nauyi, ita ce ke haifar da rigimar da ba ta mutuwa cikin mako uku. Masu waɗannan shirye-shirye kan kare kansu da cewa ai kowa muke yi wa, ba mu bar kowa ba, don haka kada wanda ya ce an ware shi. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Muna da wasan taubasai, muna da na Kanawa da Zazzagawa, na Fulani da Barebari, na Katsinawa da Nufawa, inda za ka gaya wa mutum maganar da in wani ne ya faɗa sai an raba ku, shi kuwa ya yi dariya. Amma wannan wasa yana da sharuɗɗa. Akwai dangantaka da ta halatta shi, akwai iyakar da ba a tsallakewa, kuma mafi muhimmanci, abokin wasanka yana tsaye a gabanka zai rama. Shirin da ake yi a Amurka a watsa wa duniya ya ɗauki kowa abokin wasansa ba tare da ya tambaye shi ba, kuma lasifikar a hannunsa take shi kaɗai. Yawancin hayaniyar da ake gani bayan wani kashi ramuwa ce ta waɗanda da can ba su da bakin ramawa, yanzu waya ta ba su.

Kowa kuma yana jin daɗin wasan ne har ranar da aka iso ƙofar gidansu. Mawaƙi Isaac Hayes ya shekara da shekaru yana ɗora muryar mai dafa abincin makaranta a South Park, ana zolayar addinai iri-iri yana ciki. A Nuwamban 2005 aka taɓa Scientology, addinin da yake bi, a watan Maris na 2006 aka fitar da sanarwa da sunansa cewa ya bar shirin saboda raina abin da mutane suka yi imani da shi. Matt Stone ya mayar masa da cewa bai taɓa jin ƙorafinsa ba lokacin da ake yi wa Kiristoci. Shekaru bayan rasuwarsa ɗansa ya ce mahaifin nasa yana fama da shanyewar jiki a lokacin, wasu ne suka yanke hukuncin a madadinsa. Ko ma wane ne ya rubuta sanarwar, halin da ta nuna na kowa ne.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Apu, Ba'indiye mai kanti a The Simpsons, wanda wani Bature, Hank Azaria, ke yi wa murya da karyayyen Turanci. Shekaru kusan 30 Amurkawa na dariya. A 2017 wani ɗan barkwanci ɗan asalin Indiya, Hari Kondabolu, ya fitar da shirin gaskiya inda 'yan uwansa suka ba da labarin yadda aka riƙa tsokanar su da muryar Apu a makaranta, saboda a lokacin kusan shi ne Ba'indiyen da ake gani a talabijin kullum. A Afrilun 2018 shirin ya mayar da martani ta bakin Lisa cikin sigar ko-in-kula, abin ya ƙara hura wutar. A farkon 2020 Azaria ya ce ya ajiye muryar. Duk Bahaushen da ya taɓa zama a Legas ya san abin da waɗannan Indiyawa ke faɗa. Ya ga yadda finafinai da 'yan barkwancin kudu ke fito da mu: maigadi da rediyo a kunne, ko mai sayar da suya da ba ya iya furta harafi daidai, sunansa aboki. Wanda ya rubuta zai ce wasa ne, gaskiyarsa kuma, amma ba shi ne za a kira da sunan a tashar mota ba. Mu ma in an zo kan yadda finafinanmu ke fito da Inyamuri ko mutumin ƙauye, ba mu da bakin magana sosai.

An taɓa isowa ƙofar Najeriya ma. A Maris na 2015 The Simpsons ya kawo wata gimbiya 'yar Najeriya mai suna Kemi, wadda mahaifinta sarki ya zo cinikin makamashi. An fito da ita mai hankali da kamun kai, amma zaren labarin bai tsira daga abin da aka saba ba: mai mashayar garin, Moe, yana riƙe da haushin wani yarima ɗan Najeriya da ya damfare shi ta imel. Ɗan Najeriya zai iya yin dariya a nan, zai kuma iya yin tsaki, duka biyun da hujjarsa.

Akwai inda hujjar kowa-muke-yi-wa take rushewa gaba ɗaya. A Afrilun 2010 South Park ya yi kashi biyu da suka sako annabawa da jagororin addinai cikin wasa, har da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wani matashi a Amurka ya wallafa gargaɗi mai kama da barazana ga masu shirin, daga baya kotu ta ɗaure shi kan wannan da wasu laifuka. Comedy Central ta toshe suna da hoto a kashi na biyun, ba ta sake nuna shi ba, kuma aka bar su a waje lokacin da aka kai shirin manhajojin kallo. Masoyan shirin a can suka fusata, amma kan tashar, wai ta ji tsoro ta tauye 'yancin magana. Musulmi a Kano ba ya buƙatar a yi masa bayanin dalilin da ya sa wannan ba abin wasa ba ne. Ɓangarorin biyu ba a kan ko abin ya ba da dariya suke jayayya ba, a kan ko akwai abin da ya fi ƙarfin dariya suke, kuma wannan saɓani ba kashi ɗaya ne ya kawo shi ba balle wani kashi ya warware shi.

Wani zai ce to a tace mana, a cire dattin a bar dariyar. An gwada. A 2005, cikin watan azumi, tashar Larabawa ta MBC ta fara nuna The Simpsons da Larabci. Uban gidan, Homer, ya koma Umar, Bart ya koma Badar, giya ta zama lemo, aka share mashayar Moe, aka kauce wa coci. Bai karɓu ba, ba a ma gama nuna kason da aka shirya ba. Waɗanda suka san na asali suka ce an zare masa rai, waɗanda ba su sani ba kuma ba su ga abin dariya ba, domin Homer ba tare da munanan halayensa ba wani mai ƙiba ne kawai da ke zaune a kujera. Hukumar tace finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya kiran furodusa daga Zoo Road ta ce ya yanke fitowa kaza, amma ba ta da hannu a kan abin da ke shigowa wayar ɗan shekara 12 daga wata manhaja. Tacewar da ta rage ita ce ta gida, ita kuma tana faɗuwa ne tun daga matakin farko, lokacin da uba ya leƙa ya ga zane ya ce ai katun ne.

Su kamfanonin, wane martani ne ke motsa su? Tarihin Family Guy ya ba da amsa. Fox ta soke shirin a 2002 saboda ƙarancin masu kallo. Abin da ya dawo da shi a 2005 ba koke ba ne: faifan DVD ɗinsa ne aka saya miliyoyi, maimaicinsa kuma ya riƙa tara jama'a a tashar Adult Swim da tsakar dare. Fushi kuwa sau da yawa riba ne. A Oktoban 2019 South Park ya zolayi yadda kamfanonin finafinan Amurka ke lallaɓa gwamnatin Sin don kasuwa, Sin ta share shirin daga intanet ɗinta, Parker da Stone suka fitar da wata takardar ban haƙuri ta izgili, duniya ta yi ta magana. A Yulin 2025, daidai lokacin da suka ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 1.5 ta shekara biyar da kamfanin Paramount mai tashar Comedy Central, suka buɗe zango na 27 da yi wa Shugaba Trump tsiya mai muni. Fadar White House ta mayar da martani cewa shirin ya fi shekara 20 da daina tasiri. Wannan martani ya zama talla, masu kallo suka ƙaru fiye da yadda aka gani a shekaru masu yawa.

Mai kallo a Kano ba ya cikin wannan lissafi. Ba ya cikin alƙaluman da ake kai wa masu talla a Amurka, yawanci kuma ba ya biyan kuɗin manhajar da ke da shirin. In ya ga guntun bidiyo ya fusata, ya rubuta Allah wadai, ya tura wa guruf biyar don su ma su gani su yi tir, kamfanin bai san an yi ba. Wanda ya amfana shi ne mai shafin da ya yanko bidiyon, domin manhaja ba ta bambanta la'ana da yabo, duk tsokaci take ƙirgawa, ta ƙara tura bidiyon gaba.